Takalmin Shi Ne Mashin: Amsoshin Wasiƙunku Kan Wasan Sabat

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ambata, a layi biyu kacal, cewa idan na taso daga makarantar da nake koyar da motsa jiki, nakan tara yara da samari a wani kango da ke bayan gidanmu a nan Katsina ina koya musu sabat, wato damben Faransawa da ake yi da hannu da ƙafa. Ashe na sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi. Wasiƙun sun fi ƙarfin shafin nan, saboda haka na haɗe masu kama da juna, na rage wa masu tsawo. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya duba ta maƙwabcinsa.

Tambaya: Malam, ni dai ban taɓa jin wannan suna ba. Anya ba karate ba ne aka canza wa riga? Kuma kai Bakatsine, ina ka haɗu da wasan Faransawa? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Ƙanena, ko kaka ba su haɗa da karate ba. Kalmar sabat a Faransanci tana nufin tsohon takalmi, irin wanda ya sha tafiya har dunduniyarsa ta kwanta. Karate da takwando ƙafa tsirara ake shiga fage, sabat kuwa sai da takalmi, kuma da shi ake duka. Yadda mashi yake a hannun ɗan dambe, haka takalmi yake a ƙafar ɗan sabat.

Asalinsa faɗan titi ne, kada wani ya shafa maka mai a baki. A farkon ƙarni na 19 zauna-gari-banzan unguwannin Faris suna faɗa da shuri ƙasa-ƙasa, su nufi ƙwauri da takalmansu masu nauyi. A kudu kuma, a Marsai, garin da masu kallon ƙwallo suka sani, ma'aikatan jirgin ruwa suna da nasu salon na shuri sama da mari da tafin hannu. A 1825 wani mai suna Michel Casseux ya buɗe ɗakin koyarwa na farko a Faris, ya hana karo da kai da ƙwaƙular ido da sauran ƙazantar titi, ya sa wa abin doka. Daga baya Joseph Charlemont da ɗansa Charles suka tsara shi a rubuce, darasi bayan darasi. An nuna shi a gasar Olamfik ta Faris a 1924, nuni kawai ba na neman lambar yabo ba. Yaƙin duniya ya kusa binne shi, don malamansa da yawa sun tafi fagen daga ba su dawo ba. Pierre Baruzy, wanda ya zama zakaran Faransa sau 11, shi ya yi ta hura wutar har ta sake kamawa. Hukumar sabat ta duniya ma sai a 1985 aka kafa ta.

Ni kuwa a Yamai na same shi. Mahaifina mahauci ne, Allah ya jiƙansa, ka kuwa san gidan mahauta da dambe ɗanjuma ne da ɗanjummai. Na taso ina ɗaure hannu, in na ji kalangu jikina ya hau tsuma. Da na gama sakandare aka tura ni wurin kawuna da ke sana'ar kilishi a can, muka bi ta Jibiya muka kwana Maraɗi. A unguwar da muka zauna akwai wani dattijo Bazabarme, siriri kamar sillen kara, da ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai, a can ya koyo wasan. Yana koya wa yara a tsakar gidansa. Na je kallo, na ce wa na kusa da ni da Hausa, wannan rawa ce ko faɗa? Ashe tsohon yana jin Hausa sarai. Bai tanka ba. Ya miƙo mini baƙar riga da safar dambe, ya goga alli a bakin takalminsa, ya ce in doke shi duk inda na ga dama har minti biyu. Na kai naushi ya fi a ƙirga, iska kawai nake jibga. Da lokaci ya cika ya ce in tuɓe rigar in ƙirga. Tabon alli goma sha ɗaya: ciki, haƙarƙari, saitin hanta, ɗaya a kafaɗa dab da wuya. Ko ɗaya ban ji zafinsa ba, abin da ya hana ni barci ke nan a daren. Da ya so, kowanne a cikinsu ya isa ya kwantar da ni, amma ya riƙa ɗora ƙafarsa a jikina kamar mai ajiye ƙwai a faifai. Washegari tun kafin yara su iso ina tsugune a ƙofar gidansa.

Tambaya: Koci, ni ɗan dambe ne, bahago. Na yi wasa a Daura da Mai'aduwa da kasuwannin bakin iyaka. Mu ma muna shuri a dambe. Mi sabat zai ƙare ni da shi? Daga wani ɗan dambe, Daura.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, namiji. Bari in fara da labarin Charles Lecour, almajirin Casseux, wanda aka haifa a 1808. Gwani ne da ƙafa, har ranar da ya gwada da wani ɗan damben Ingila mai suna Owen Swift a shekarun 1830. Swift ya shige masa jiki, inda ƙafa ba ta da wurin miƙewa, ya yi ta sauke masa naushi. Lecour bai tsaya kare wasansu da fatar baki ba, ya je ya koyi damben Ingila ya haɗa da shurinsa. Sabat ɗin da muke yi yau daga wannan kashi da ya sha ya fito. Kai kishiyar matsalarsa gare ka: hannu akwai, ƙafar ce ba ta je makaranta ba.

Shurin dambe na san shi, don na yi shi. Ƙafa ake ɗebowa daga ƙasa a wurga ta ɗungurungum da fatan ta samu. In ta samu, to madalla. In ta kuskure ka ba da baya ko ka dafa ƙasa, ka kuwa fi ni sanin hukuncin wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa a fagen dambe. A sabat shuri iri huɗu ne kacal, kuma manyan biyun sai an ɗana su kamar tarko kafin a saki: ka ɗaga gwiwa, ka naɗe ƙafa, ka harba, ka dawo da ita ta hanyar da ta bi.

Na farko fuwete, yarana suna ce masa bulala, ma'anar kalmar ke nan ma. Ƙafa ta zagayo ta gefe, bakin takalmi ya sauka ya koma kafin a ankara. Na biyu shase, mu muna cewa tokari: gwiwa ta zo ƙirji, dunduniya ta tafi a miƙe kamar taɓarya, ta gaba ko ta gefe. Shi ne ƙyauren gidanka, da shi kake hana baƙo shigowa ba sallama. Na uku rabar, mari da ƙafa, yana fitowa ta inda ba a zata ba ya sauka da tafin takalmi ko gefensa na waje. Na huɗu shurin ƙasa, taɗiya ke nan: ka ja jiki baya, gefen takalmi na ciki ya share ƙwaurin abokin wasa ƙasa da gwiwa. Naushi ma huɗu ne irin na damben zamani, miƙaƙƙe na hannun gaba, miƙaƙƙe na hannun baya, ƙugiya, da mai tasowa daga ƙasa ya nufi haɓa. Kayan aikin ke nan duka. Ba a duka da gwiwa, ba a duka da gwiwar hannu, ba a duka da ƙwauri irin na mutanen Tailan. Inda takalmi ya rufe, nan kaɗai ke duka.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta mai da wasan na awo. Mai duka da ƙwauri yana da ƙashi kusan kamu guda, ko'ina ya samu ya samu. Kai bakin takalmi gare ka, faɗin yatsu uku. Ka matso da yawa ƙwaurinka ya sauka, alƙali ya tsayar da wasa ya ja maka kunne. Ka yi nisa da taƙi ɗaya, ka shuri iska. Shi ya sa rabin darasinmu tafiya ce, shiga da fita da gocewa, har ƙafarka ta san nisan mutum ba sai ido ya gaya mata ba.

Abin da zai ba ka wuya shi ne tsayuwarka. Ɗan dambe yana buɗe ƙafafu sosai, garkuwa a gaba, mashi can baya yana jiran sa'a. A sabat ana dukan cinya, wannan ƙafar taka ta gaba kuwa ta zama ganga, kowa ya zo ya buga. Hannun garkuwarka da ya saba tarewa da riƙewa shi ma sai ya koyi naushi. Amma za ka shigo da abu biyu da nake shan wahalar dasa wa 'yan boko: zuciya, da idon da ba ya rufewa in naushi ya taho. 'Yan dambe uku suka taɓa zuwa wurina. Biyu ba su cika wata ba, sun ce wasan da za a hana mutum sakin hannu ba wasan maza ba ne. Na ukun ya yi damina biyu, ya koma dambensa. Na je kallonsa bayan girbi, na ga ya daina tsayawa a layin mashi, taki ɗaya yake yi gefe naushi ya wuce ta gaban hancinsa. Masu kallo suna cewa asiri ne.

Tambaya: In aka haɗa ɗan sabat da ɗan damben zamani, wa zai kashe wani? Daga masu gardama a wata majalisa, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Jama'a, an riga ku. A 1899 aka haɗa Charles Charlemont da wani ɗan damben Ingila, Jerry Driscoll, a Faris. A turmi na takwas Charlemont ya kai shuri, Driscoll ya zube bai iya ci gaba ba, aka ɗaga hannun Bafaranshe. Faransawa suka ce a ciki ta sauka, mutanen Ingila suka ce ƙasan mara ce, inda doka ta hana. Shekara fiye da 120 ke nan ba a gama wannan musu ba, to ban ga yadda za ku gama shi kafin shayinku ya huce ba.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 10, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, kullum sai an kawo ƙararsa daga islamiyya ya doki wani. Babansa ya ce a kawo maka shi, ni kuwa ina gudun a ƙara wa Barno dawaki. Kuma kada a fasa mini kan yaro. Daga uwar yara, Sabuwar Unguwa, Katsina.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, duk uwar da ba ta yi wannan tambaya ba ita nake mamaki. Gasar sabat hawa uku ce. Na ƙasa sunansa aso: taɓawa kawai ake yi, alƙalai suna duba tsabtar motsi da daidaiton saiti, wanda ya sa ƙarfi a gargaɗe shi, in ya nace a fitar da shi ko da shi ke kan gaba. Na tsakiya ana duka da ƙarfi amma da hular kariya da abin kare ƙwauri. Na sama, komba, shi ne na cikakken ƙarfi, wanda ake iya sumar da mutum. Wannan na manya ne da suka zaɓa wa kansu. A kangona aso kaɗai ake yi, yaro ko babba. Masu wasan suna da take, wai ka taɓa kada a taɓa ka, kuma kalmar taɓawa suka zaɓa da gangan.

Yaro mai saurin hannu irin naki makon farko ne yake masa ɗaci. Nakan haɗa shi da wanda bai kai shi girma ba amma ya daɗe a wurin, in shafa wa ƙaramin alli a takalmi kamar yadda aka yi mini. Sai ya ga ƙarfin da yake taƙama da shi a layi bai hana ɗan mitsitsi zane masa riga ba. Wasu kuka suke yi don haushi. Daga nan ne ake fara magana da su, don a ranar kunnensu a buɗe yake. Ina kuma da doka: duk wanda aka kawo mini ƙararsa ya yi faɗa a waje, mako biyu zai yi a kan benci yana riƙe wa 'yan'uwansa agogo. Wannan ya fi musu bulala zafi.

Ba zan yi miki alkawarin wasa zai gyara hali ba. Na ga waɗanda suka natsu har iyayensu suka aiko mini da fura, na kuma sallami ɗaya da hannuna don na lura kayan faɗa yake tarawa. In kun yanke shawara, babansa ya kawo shi da kansa ranar farko ya zauna ya gani da idonsa. A saya masa robar kare haƙori tasa ta kansa, ba a aronta. Yara Alhamis da Juma'a da yamma suke zuwa, ranakun da babu islamiyya, don kada wasa ya ci karatu.

Tambaya: Mata suna yi? Daga wata ɗaliba, Daura.

Amsa: Suna yi, ƙanwata, har gasar duniya suke shiga su ɗauko kambu. Ni dai ba na koya wa 'yan mata da kaina. Maiɗakina na koya wa, ita take tara su a cikin gida ranar Asabar da ƙofa a rufe. Kayan gasa na hukuma riga ce haɗe da wando mai kama jiki, amma motsa jiki bai dogara da ita ba. Dogon wando mai sakin jiki da riga mai kauri sun wadatar, mu ma maza su muke sawa.

Tambaya: Koci, wane irin takalmi ake sawa, kuma ina ake samunsa? Daga wani baduku, Katsina.

Amsa: Maigida, kai ne ma za ka taimake mu. Takalmin gasa na fata ne mai laushi, yana rufe idon sawu, tafinsa shimfiɗaɗɗe ne sumul, babu tudun dunduniya, babu ƙarfe, babu wani gefe da ya turo waje. Mu a nan kambas mai taushin tafi muke nema a gwanjo, mu kai wa irinku a goge gefen robar har ya daina kaifi.

Wannan goge gefen da tsada na koye shi. Farkon fara koyarwata wani yaro ya zo da takalmin gwanjo mai kyau, irin na hawan dutse, tafinsa da haƙora. Na gani, na ce ai taɓawa kawai za su yi. Ya kai bulala sama a hankali yadda na koya masa, abokinsa kuma ya sunkuya a daidai lokacin, gefen takalmin ya tsaga masa gira. Jini ya rufe masa ido. Na ɗauke shi a babur zuwa asibiti aka yi ɗinki huɗu, da daddare na je gidansu na tsuguna gaban mahaifinsa. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce, Malam, amana muka ba ka. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun ranar babu mai shiga fage sai na shafa takalminsa da tafin hannuna, gaba da gefe da dunduniya, in cire duk tsakuwar da ta maƙale. Yaran har sun saba, da sun zo sai su jeru suna ɗaga ƙafa kamar dawakin da za a duba wa kofato.

In za ka gwada ɗinka mana, ka kula da tafin ya zama mai yarda ya juya a ƙasa. Wanda yake kama ƙasa ƙam yana murɗe gwiwa. Shi ya sa ma ba ma wasa a rairayi mai zurfi. Ƙasa mai tauri muke sharewa, da hunturu mu yayyafa mata ruwa don ƙura.

Tambaya: Malam, na ji an hana dukan fuska a Musulunci. Ya kake yi da wannan? Kuma ana rusunawa kamar a karate? Daga wani almajirin ilimi, Rafin Daɗi, Katsina.

Amsa: Allah ya ƙara sani, Malam. Hadisin da ya yi umarni da nisantar fuska ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim, kuma saboda shi malamai da dama suka yi magana mai nauyi a kan damben zamani. Fatawa tasu ce, ni abin da nake yi a kangona zan gaya maka. Dokar sabat ta yarda a nufi wuri uku: ƙafafu, gangar jiki, da kai. Ni na ɗauke na ukun na mai da shi kan safa. Abokin wasa ya ɗaga safarsa a gefen kansa, ita ake taɓawa, ƙafa ta koyi hawa ba tare da ta sauka a fuskar kowa ba. In an zo aso tsakanin mutum biyu, daga kafaɗa zuwa ƙasa muke ƙirgawa. Wanda yake son shiga gasar waje, inda ake nufin kai, nakan ce ya fara zuwa wurin malaminsa da mahaifinsa. Tsagewar girar da na ba da labari a sama ita ta fara kai ni ga wannan tsari, kafin ma in zauna da malamai a kansa.

Rusunawa kuwa babu. Gaisuwar sabat a tsaye ake yinta, ka kawo hannun dama kan ƙirji sannan ka buɗe shi waje, kai a ɗage.

Tambaya: In ƙauraye suka tare ni za su ƙwace waya, sabat zai fisshe ni? Daga wani ɗan acaɓa, Katsina.

Amsa: Ka ba su wayar, ɗan'uwa. Wanda ya tare ka da wuƙa ba shi kaɗai ba ne, kuma babu alƙalin da zai ce a tsaya. Abin da wasan zai ba ka a irin wannan rana shi ne numfashin gudu, da idon da yake gane mutum ya matso fiye da ƙima tun kafin ya iso. Tokari ɗaya a cinya yana iya buɗe maka hanyar tsira in an ƙure ka a lungu, amma duk malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa da ƙafa, ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Malam, na yi wata 8 ina koyo a bidiyon YouTube, yanzu ina kai shuri har kai. Abokaina sun ce in buɗe aji a unguwa in riƙa karɓar ɗan wani abu. Mi ka gani? Daga wani saurayi, Daura.

Amsa: Ɗana, ka dakata tukuna. Na yaba da himmarka, wata takwas kai kaɗai ba wasa ba ne. Amma mai kallon bidiyo ƙafar da ke sama yake bi da ido, don ita ce mai ban sha'awa. Malami ta ƙasa yake kallo. In ƙafar da ka tsaya a kanta ba ta juya ba lokacin bulala, gwiwa ce take shanye murɗiyar, yau kaɗan gobe kaɗan, sai wata rana ka tsuguna alwala ka kasa tashi. Waya ba za ta ce maka tsaya ka gyara ba. In kai kaɗai ne, gwiwa biyu ka sa a caca. In ka tara yara ashirin, ka lissafa da kanka.

A sabat ba a ɗaura ɗamara mai launi kamar a karate. Da launin safar hannu ake kiran matsayi: shuɗiya, koriya, ja, fara, rawaya, sannan ta azurfa ga waɗanda suka ƙware. Ba safar ake canzawa ba, alama ce ake liƙawa a riga. Malanta kuma takardarta daban, sai an yi horo an ci jarrabawa. Ni da kake gani ba ni da wannan takarda. Shekara huɗu na yi a hannun dattijon nan, ya ce in je in koyar, iyakar shaidata ke nan. Saboda haka ba na raba wa kowa launi, kuma duk uban da ya kawo ɗansa sai na gaya masa haka kafin ya zauna.

Koyarwa kanta sana'a ce daban da iyawa. Wata na farko a wurina babu shurin da yake wuce ƙugu. Tsallen igiya, tsayuwa, tafiya gaba da baya, sai gocewa iri biyu: ka fitar da ƙafa ɗaya daga layin duka, ko ka fitar da duka biyun ka ɓullo wa mutum ta gefe. Samari suna ƙosawa, kowa so yake ya kai ƙafa kai a ɗauke shi hoto. Ba mu cika dukan buhu ba, biyu-biyu ake aiki, abokinka ya buɗe maka safarsa ka taɓa, kai ma ka buɗe masa. Buhu ba ya cewa wayyo, saboda haka ba ya koya wa mutum awon ƙarfinsa. Turmi minti biyu, hutu minti ɗaya. Dole ka san wanda za ka haɗa da wane, ka gane yaron da ya gaji yana ɓoyewa, ka hango fushi a kafaɗar mutum kafin ya iso ƙafarsa. Da bazara randa tana nan cike a inuwa kuma ina tilasta sha. Da azumi sai bayan asham muke haɗuwa, mu yi rabin abin da muka saba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin bidiyo.

Karɓar kuɗi ba laifi ba ne, ni ma ina karɓar na alli da gyaran safa. Daura zuwa Katsina ba nisa. Ka zo lokacin hutu ka yi mako biyu, in ga ƙafarka ta ƙasa, ka tsaya kusa da ni ka ga yadda ake riƙe aji. Kafin nan ka samu aboki ɗaya ku riƙa yi tare a hankali, ba da sunan malami da ɗalibi ba.

Tambaya: Yaro, shekarata 63, na yi ritaya, gwiwa ta fara gardama. Ina karanta shafinka ina jin ƙwaɗayi. Akwai abin da ya rage wa irinmu? Daga wani dattijo, Ƙofar Durɓi, Katsina.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Akwai. Sabat yana da ɗan'uwa da suka taso ɗaki ɗaya, wasan sanda, Faransawa suna ce masa kan. Malaman farko tare suke koyar da su, don a zamaninsu mai mutunci a Faris ba ya fita sai da sandar tafiya a hannu. Ta gasa tsawonta santimita 95, ta itace marar nauyi, ana sa hular waya a fuska da riga mai kauri. Masu gasa suna tsalle da tsuguno da ba zan sa ka ba, amma juya sandar, da tarewa, da taku, aikin kafaɗa ne da wuyan hannu da ido. Dattijon da ya koya mini ya girme ka lokacin, kuma da ita yake buɗe safiyarsa. Ban kai shi ba ko kusa, abin da na ɗauko dai zai ishe mu. In ka taɓa kallon yadda Bafulatani yake wasa da sandarsa a bayan shanu, rabin abin ba baƙo ba ne a wurinka.

Ka fara nuna wa likita gwiwar, a kuma auna jininka. In ya ba da izini, ka zo ranar Asabar bayan asuba kafin rana ta yi zafi, lokacin babu yara balle su sa ka jin nauyi. Kada ka wahalar da kanka neman sanda, ina da siraran gora guda shida da na yanke daidai awo. Akwai kujera a gindin bedi in gwiwar ta ce a huta, maiɗakina kuma tana dama koko a lokacin.